Fuska ta Biyu a Takardar Kawu

Tun da Kawu ya makance bai ajiye gawayin zanensa ba. Da hannun hagu yake shafa fuskar mutum, na dama kuma yana bin takarda. Wai yatsa ba ya ƙarya.

Ranar da na kai masa abincin rana ya ce, "Zauna in zana ki, 'yar nan."

Na zauna a benci ina ƙunƙuni, ga wanki na jira na a gida. Ya shafa goshina, ya gangaro hanci da haɓa. Sai hannun ya zarce bayan kafaɗata, ya daɗe yana lalube a iska.

"Kawu, fuskata tana nan fa!"

"Na sani. Yi shiru."

Da ya miƙo takardar, ga ni sak. Amma wata tsohuwa ta ɗora haɓa a kafaɗata, da wushiryarta, da tabon ƙuna a kumatu. Surukata ce, wadda ta rasu bara ba ma ga maciji da juna.

"Kawu, wa ya kwatanta maka ita?"

"Ba tare kuka shigo ba? Ai ta fi ki natsuwa. Ko numfashi ban ji ta yi ba."