Tsagar Bayan Jirgin Oldřich

A ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙananan jiragen sama na roba a Prostějov, ba mu da maƙiyi kamar tsaga. Ka manna ɓari biyu na jikin jirgi, sai wani siririn layi ya rage a gadon baya yana yi maka gwalo. Oldřich Vymazal ya shekara arba'in yana yaƙi da layin nan, bai taɓa cin kofin gasarmu ba. Bana kuma hannunsa ya fara rawa, likita ya ce abin ba ya komawa baya. Kowa ya san wannan jirgin feshin gona da yake haɗawa shi ne na ƙarshe.

Ran Asabar ya jera kwalabe uku na cikon tsaga a teburinmu na gidan giya, ya ce mu zaɓa masa.

Na ce, "Ɗauki foti, cikon nan mai kwaɓi biyu. Yana cin kwana kafin ya bushe, amma ba ya janyewa."

Květoslav, wanda ya ci kofin sau tara kuma ba ya barin kowa ya manta, ya kwashe da dariya. "Kai, rabu da shi! Da hannun nan naka za ka kwaɓa foti? Sai dai ka kwaɓa gemunka. Ga mai ruwa-ruwa nan, ka shafa da burushi, shi ne cikon, shi ne fentin shimfiɗa."

Oldřich ya ce, "Ba ya janyewa?"

"Ni zan cuce ka?"

Ni dai na san halin Květoslav, na kuma san mai ruwa-ruwa yana janyewa, amma miyar tafarnuwata ta iso, na yi shiru. Har yau ina jin kunyar wannan.

Oldřich ya shafa, ya goge da samfefa, ya sake shafawa, har bayan jirgin ya yi sumul kamar ƙwai. Ya bi da fenti rawaya. Mako biyu yana zuwa yana nuna mana hotonsa kamar wanda aka yi wa jika.

Ranar gasa ya buɗe kwali a zauren makaranta, sai ga layin ya dawo, tun daga wuya har wutsiya. Cikon ya janye ya lotsa. Květoslav ya kama tari na ƙarya. Oldřich ya cusa hannayensa a aljihu. Tausayinsa ya kama ni.

Alƙaliyar bana baƙuwa ce, wata tsohuwa mai suna Drahomíra, wadda ta yi rayuwarta tana gyaran jiragen feshi na gaske. Ta bi jiragen da 'yar tocila. Da ta zo kan na Květoslav, irin jirgin ɗaya ne da na Oldřich, ta tsuke baki.

"Wa ya shafe haɗin baya? Sabulu ka kawo mana?"

Ta matsa kan na Oldřich, ta haska, ta daɗe.

"Yauwa. A nan farantan ƙarfe biyu suke haɗuwa a jirgin gaske. Shekara talatin ina tura yatsa a layin nan. Mutum ɗaya ne ya san aikinsa a zauren nan."

Květoslav ya yi tsalle. "Ai ni na ba shi shawarar!"

Oldřich bai ko dube shi ba. Ya juyo gare mu, ido ya yi ja.

"Shekara arba'in ina toshe abin nan, babu ɗan halak ɗin da ya gaya min?"

Aka miƙo kofin. Ya fito da hannun dama, ya duba yadda yake karkarwa, sai ya fito da na hagu ma, ya karɓa da biyu.