Ɗiyan Gawo a Gandun Isa

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke tun gero yana gwiwa, ba abin da ya rage wa Saude matar Kalilu a Kurawa sai akuya guda. Yunwa ta ƙafar mata da nono, don haka na akuyar ake ɗura wa jaririyarta Nana. Akuyar ma ta koma cin tsumma da karan danga, domin gawon gonaki duk an sassare shi har ƙololuwa.

Kashegarin babbar Sallah, Abdulƙadir wan Kalilu, mai aikin ofis a Isa, ya aiko mota a kwaso iyali. Wai za a je gandun gwamnati a sha iska, a ɗauki hoto. Shi ke aiko musu dawa, wa zai ce ba shi zuwa?

Gandun yana bakin gari, an kewaye shi da waya, inji na jawo masa ruwa. Da Saude ta shiga sai ta tsaya cak. Ashe ta manta ɗanyen ganye yana da ƙamshi. Dogonyaro da mangwaro sun haɗe sama, rana ba ta samun ƙasa. Aka shimfiɗa tabarmi, Kubura matar Abdulƙadir ta buɗe kwanonin shinkafa da naman layya, abokan aikinsa suka zauna ana ta raha.

Nana ta fara kuka, Saude ta zaga da ita bayan itatuwa tana jijjiga ta. Can ta tarar da gawo, manya, sun zubar da ɗiyansu jajaye a ƙasa, ƙafa na nutsewa ciki. Murna ta kama ta. A Kurawa abin da itace ya yar ƙasa na wanda ya tsinta ne, ba a tambayar kowa. Ta shimfiɗa gyalenta ta yi ta tsinta, tana raɗa wa Nana, "Kin ga abincin uwarki ta biyu." Ta ƙulle, ta aza a ka.

Ba ta ɓoye ba, don ba ta san laifi ne ba. Haka Labbo mai gadi ya gan ta, ya taso ta gaba har gaban tabarmi.

"Ranka ya daɗe, wagga taku ce? Ko tsinke ba a fita da shi nan."

Wani cikin abokan ya yi dariya. "Malam Abdu, ashe da kiwo kuka taho?"

Fuskar Abdulƙadir ta canza. "Ke, mi na na?"

Saude ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. "Yaya, ɗiyan gawo ne. Ƙasa na ishe su. Akuyata za ni kai ma, ita ka shayar da yarinya."

"Na kawo ku cikin mutane, na ba ku nama, ki saka mini da tsintar shara? Zube shi!"

Ta dubi mijinta. Kalilu yana kallon cikin kwano.

Ta sake duban Abdulƙadir. "Yaya, don Allah, ko rabi."

"Ba nan ba. Labbo, nuna mata inda kuke ƙona shara. Ta zuba da hannunta, ta koyi zama."

Ta zuba. Labbo ya tura da tsintsiya cikin wuta, ɗiyan gawo suka yi ta fashewa. Tana tsaye har mai hoto ya kira. Kubura ta karkaɗe mata gyalen, ta yafa mata. "Saki fuska mana, Saude, kar ki ɓata muna hoto."

Da suka koma Kurawa akuyar ta taso da ƙyar, ta shinshina gyalen, ta kama bakinsa tana tauna. Saude ta sakar mata shi. Kafin wata ya mutu akuyar ta kwanta, Kalilu ya yanka ta tun ba ta zama mushe ba. Aka koma ba Nana ruwan kunu, ba ta riƙe shi ba. Ranar wata Laraba aka kai ta, an naɗe ta cikin ɗan ƙyalle.

Bayan sadakar bakwai hoton ya iso, da saƙon a rataye shi inda baƙi za su gani. Kalilu ya kafa ƙusa. Kowa ya shigo sai ya yaba itatuwan. Saude kuwa abu biyu take gani: ƙafar Nana da ta leƙo daga goyo, da ɗan hayaƙin da ke tashi bayan kafaɗar Abdulƙadir.