Kwano Ba Ya Komawa Wayam

Wani dattijon cocinmu, Don Kirispin, shi ne ya ɓata mini Juma'ar Gicciye, tsohon da kunnensa ɗaya ma ba ya aiki.

Sau ɗaya a wata Fada, limamin cocinmu, yake leƙo ƙauyenmu, don haka mu muke karanta Linjila da kanmu a rumfar bayan coci. Bana ni aka ba bayanin matar nan Basamariya da Yesu ya tarar a bakin rijiya. Kwana uku ina shiri. Na miƙe na ce darasin a fili yake: Yahudawa ba sa haɗa ƙoƙon sha da Samariyawa, amma Ubangiji bai ƙyamace ta ba, saboda haka mu ma mu riƙa taimakon 'yan Haiti da suka tsallako iyaka suna saran rake. Har misali na kawo da kaina, Allah ya yafe mini. Na ce shekara bakwai ke nan, duk Makon Ista sai na miƙa wa maƙwabciyata 'yar Haiti, Madan Oreliyen, kwanon waken zaƙi ta kan shinge, da madarar kwakwa da dankali da kirfa, ba na yi mata ƙwauro.

Mata suna ta gyaɗa kai, sai tsohon ya ɗaga sandarsa ya kira sunana.

"Donya Eufemiya, a labarin nan wa ya roƙi wa?"

Na ce wannan ai ba shi ne zancen ba. Ya ce shi ne kuwa. Ubangiji ne ya gaji, shi ne mai ƙishirwa, ko guga ba shi da shi. Tulunta ya nemi ya sa wa baki. Na ce a nuna mini inda aka rubuta ya sha. Ya ce ba a rubuta ba, amma mai roƙon ruwa ba ya roƙa don ya zubar. Sai ya juyo mini da kunnensa mai ji.

"Bayarwa ai daɗi gare ta. Ke me kika taɓa ci na hannunta?"

Na tattara takarduna na fice, ko addu'ar rufewa ban tsaya ba.

A garin nan kwano ba ya komawa wayam. Duk shekara Madan Oreliyen takan dawo mini da nawa cike da shinkafa da kifi, ni kuma in yi godiya har da dafa ƙirji, in zaga baya in juye wa alade. Mijinta makaɗin gaga ne, kiɗan da 'yan Haiti suke zaga gari da shi a wannan makon, suna kiran iskokinsu. Wa ya san gaban wa aka fara ajiye tukunyar? Haka uwata ta koya mini, ban taɓa ganin laifina ba.

Da na isa gida zama ya gagare ni. Na share tsakar gidan da na share da safe. Na buɗe Linjilar, na rufe, na sake buɗewa, ina neman ayar da za ta kare ni, babu. Daga cikin gonakin rake gangunan suna ta tashi, kamar a cikin kaina ake buga su. Haushin tsohon nake ji, amma kunyar ta fi haushin. Matar nan ita ta riƙe hannuna ranar da aka binne mijina, tana yi mini magana da harshen da rabinsa kawai nake ganewa. Na ce to, kwanon da na miƙa mata bana, yau ko da me ya dawo sai na ci, a gabanta ma.

Wajen la'asar na hango shi a kan ginshiƙin shinge, an rufe da faranti. Ba ta kira ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ɗauko cokali na buɗe.

Ɓawon rogo ne da ɓawon ayaba, cike fal.

Ban san lokacin da na zaga ta ƙofarta ba, da cokalin a hannuna. Tana zaune tana kankare tukunya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ashe jawabina ya riga ni isowa unguwa. Ta ce ta ji an yabe ni a coci, ta taya ni murna. Ta ce shingen nan ai ƙirare ne, ana ganin komai ta tsakaninsu, tun shekarar farko take kallon inda kifinta yake zuwa. Kifin kuma ba a gaban kowa take ajiye shi ba, daga gaban 'ya'yanta take ɗauke shi.

"Bana na ce bari in zuba wa mai cinye shi abin da ya fi so."

Na ce, "Maƙwabciya, ba ni in ci. Ko ƙanzo ne."

Ta karkato mini da tukunyar, ta wanku tas. Ta daɗe tana kallona, ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. A nesa ana jin ƙugin motar jami'an shige da fice, wadda tun watan jiya take zaga unguwar tana kwashe 'yan Haiti marasa takarda, har da waɗanda aka haifa a nan.

"Ki zo baɗi," in ji ta, "in waccan ba ta riga ki ba."