Gulmar Umma a Hanyar Hamada

Yayyen Auta sun yi taronsu ta waya, suka yanke hukunci, sannan suka ɗora mata aikin da babu wanda ya yarda ya ɗauka a cikinsu: ta karɓe makullin mota daga hannun Baba. Wai idonsa ya yi rauni. Kwanan baya ya goge ƙofar gareji, kafin nan kuma ya gai da buhun siminti da ke jingine a ƙofar gida har yana tambayarsa iyali. Su duk suna tsoron bakinsa, ita kuwa 'yar lele ce, ba zai cinye ta ba. Ka ji wayon manya!

Baba bai yi faɗa ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota yana ratsa hamada, ba da hayaniya zai kare kansa ba. Ya ce dama yana shirin kai wa ƙanensa ziyara can inda suke haƙar rijiyar burtsatse.

"Biyo mu ki zama alƙali," in ji shi. "In na kai mu lafiya, makulli nawa ne. In na kafe, ki ɗauka, na yafe."

Da sassafe suka loda tsohuwar jif ɗinsa: jarkokin ruwa, shebur, famfon taya, da wasu katakai biyu da suka girmi Auta. Umma ta shige gaba, Auta ta zauna a baya tana addu'ar Allah ya sa ya ci jarrabawar nan, don ita dai ba ta son ganin ranar da za ta miƙa hannu ta karɓi makullin.

Inda kwalta ta ƙare hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta zagaya ta gindin duwatsu, doguwa mai gargada. Ɗaya ta miƙe ta cikin busasshen rafi, gajeriya, yashi zalla.

"Ta duwatsu za ta karya mana ƙugu, ta cinye tayoyi," Baba ya ce. "Ta rafi kuwa da safe lafiya lau take, yashi na da sanyi, yana riƙe mota. Rana na take shi zai saki jiki. Ki bi inda ya yi duhu da tsakuwa, ki guji inda ya yi fari sumul. Kada ki taka birki, kada ki canja giya a tsakiya. Kina ji ko, alƙali?"

"Ina ji, Baba."

Ya kutsa rafi. Ba su yi nisa ba Umma ta gyara mayafi ta ce, "Malam, tela fa har yau bai kawo ɗinkin nan ba."

"Haka yake," in ji Baba, ya karkata dama, ya wuce wani farin yashi.

Can gaba ta ce, "Shi kuma mai aski, rediyonsa ya hana mu barci."

"Mutumin banza," in ji Baba, ya ɗan yi hagu.

Auta ta saki baki. Umman da ko an kawo mata gulma har ɗaki sai ta tashi ta kama shara, ita ce yau take ta sassaƙar maƙwabta? Tela ya sha, mai aski ya sha, tela ya ƙara sha, har da matarsa da akuyarsa. Baba kuwa sai kaɗa sitiyari yake da yatsa biyu yana 'yar waƙarsa, motar na tafiya sumul. Daɗi ya kama Auta, har ta fara shirya baƙar maganar da za ta yaɓa wa yayyenta.

Da hantsi suka tsaya a inuwar wani dutse, suka sha ruwa, Baba ya zagaya yana shafa tayoyi. Da za a tashi sai Auta ta riga Umma buɗe ƙofar gaba.

"Umma, ki huta a baya. Alƙali ba ya shari'a daga bayan labule."

Umma ta dubi Baba, Baba ya dubi sama.

Umma gajeriya ce, daga kujerar baya ba ta ganin komai sai hular mijinta da ƙeyar 'yarta. Ta miƙa wuya nan, ta miƙa can.

"Malam, tela… a'a, mai aski… kai, Auta, kawar da kanki mana!"

Baba ya yi dama, ya yi hagu, ya miƙe tsakiyar wani fili fari fat. Motar ta yi gurnani, ta yi tari, ta zauna daram, yashi har gindin ƙofa.

Sai a lokacin Auta ta tuna yadda gidansu yake: tela a hannun dama, mai aski a hannun hagu. Ashe bayin Allah ba su yi wa kowa laifi ba, hanya ce Umma ke nuna wa Baba da sunayensu. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda.

"Umma, tun yaushe?"

"Tun bara," in ji Umma, ko a jikinta. "Ke da shegen son gaba, da kin zauna inda Allah ya ajiye ki da yanzu mun isa."

Baba ya fita. Ya durƙusa ya cusa hannu cikin yashi, ya damƙa, ya saki. Nan kam ba ya bukatar ido. Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana rage musu iska, yana danna su da babban yatsa har suka yi faɗi yadda yake so. Ya ba Auta shebur, ya nuna mata inda za ta haƙa, ya cusa katakan a ƙarƙashin tayoyin baya. Auta ta haƙa, ta yi gumi, ta tsine wa yayyenta ɗaya bayan ɗaya a zuci, suna can ƙarƙashin fanka ita tana nan tana cin yashi.

Da aka gama Baba ya karkaɗe hannu, ya zare makullin, ya miƙa mata.

"Magana ɗaya ce. Na kafe."

"Baba, ai ni na jawo. Ba za a ƙirga wannan ba."

"Za a ƙirga. Yau yashi ne, gobe ɗan wani ne a bakin titi, kuma uwarki ba kullum take kusa ba. Karɓi."

Ta karɓa. Ta dubi rafin da ya rage a gabansu, rana ta fara take shi. Ita tuƙin kwalta ta iya, daga gida zuwa ofis.

"Kawo nan," in ji Umma, ta warce makullin.

"Umma! Kin iya?"

"Wa kike tsammani ya dawo da shi gida kwance a kujerar baya shekarar da kunama ta harbe shi a hanyar nan? Aljanu? Shiga baya, kuma ki kwantar da kan nan naki."

Umma ta ja kujera gaba har ƙirjinta ya kusa taɓa sitiyari, ta cire takalmi, ta yi bisimilla. Motar ta hau katakan, ta yi tsalle, ta fita. Sai da ta kai kan tsakuwa ta tsaya, aka kwaso katakai, aka ci gaba.

"Ki rage giya kafin…" Baba ya fara, sai ya ji ta riga ta rage.

Auta na kallonsa daga baya. Ƙafarsa ta dama sai taka birkin da babu shi take yi. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya sauke, ya harɗe su a ƙirji, ya sake saukewa. Can ya juyo, murya ƙasa-ƙasa don kada Umma ta ji.

"Auta, wannan kujerar, ta ina ake kwantar da ita? Ban taɓa zama a cikinta ba."