Danƙo a Kan Mugunya

Kwana tara Mai Amya yana fama da haƙorin taunarsa na ƙarshe, kuncinsa ya kumbura har ido yana neman rufewa. Da ƙyar 'yarsa Auta, likitar haƙori, ta jawo shi asibitinsu. Ya shiga ɗakin, ya harari kujerar nan mai kwantawa, ya ce shi a tsaye zai ji bayani.

Taurin kan tsohon nan, Allah ya kyauta! Shekara arba'in yana kiwon zuma, shi a ganinsa babu ciwon da ya fi ƙarfin amya. Tun ranar farko ya kankaro danƙon da ƙudan zuma ke toshe kafofin gidansu da shi, ya mulmula, ya cusa a kogon haƙorin, ya danne tam.

"Ba ke kika ce kin gwada danƙon nan a ɗakin bincikenku ba? Kika ce ya kashe ƙwayoyin cutar saiwar haƙori?"

"A faifan gilashi, Baba. Har yanzu gwaji muke. Kai kuwa ka rufe ƙofa ne mugunya tana ciki. In muka ƙara kwana biyu, ba haƙorin kaɗai za mu rasa ba."

Tsoro ya kama shi, amma ko a fuska bai nuna ba.

"Yarinya, ni za ki koya wa? In ɓera ya shiga amya ya fi ƙarfin fitarwa, ƙudan zuman liƙe shi suke da danƙo. Na sha buɗewa bayan shekara in tarar da shi a bushe, ko wari babu."

Auta ta ajiye ɗan madubin da ke hannunta. Ranta ya ɓaci, kuma ba ta ɓoye ba.

"Ina 'yar shekara bakwai ka nuna min irin ɓeran nan. Me ka ce suna fara yi masa?"

Ya tuna ranar sarai, tana goye a wuyansa.

"Harbinsa suke," ya ce can ƙasa-ƙasa, "sai ya mutu."

"To naka da ransa ka liƙe shi, Baba. Yana ciki yana cinka."

Kai, wannan ta shige shi! Da bakinsa aka kayar da shi. Ya tako a hankali ya hau kujerar, yana ƙunƙuni. Kafin ya kwanta ya laluba aljihu, ya fito da curin danƙo, ya dangwarar a farantin kayan aikinta.

"Kai wa gilashin naki, ki gaya musu daga amyar ubanki ya fito. Ɓeran kuwa ki kashe shi. Amma haƙorin nan ko an taru ba ya barin bakina."

"Da ma wa ya ce zan cire?" Ta jawo fitila, ta gyara safar hannu. "Buɗe, Baba."

Ya buɗe bakin, ya damƙe gefen rigarta da hannu ɗaya.