Harun Ya Shiga Tsere

Sanyin da aka tashi da shi ranar Litinin ɗin nan, tsofaffin unguwar Ainu Shams ta Alƙahira ma sun ce sun manta rabonsu da irinsa. Ƙanƙara ta zubo haɗe da ruwan sama, ta taru a gefen titi ta ƙi narkewa. Ranar hutu ce, Kiristocin Masar na bikin Kirsimetinsu na watan Janairu, shi ya sa ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta tsayar da ita don tseren da take haɗawa da samarin unguwa, 'yan Sudan da Misirawa. Babu wanda ya kawo maganar ɗagawa. Ai an riga an buga riguna.

Mardiya ta fito daga tashar jirgin ƙasa na metro tana haɗawa da gudu. Karatun haɗa magunguna take yi a Giza. Da safe ta kira ƙanenta Harun, sai wani ɗan ɗakinsu ya ɗauka ya ce ai yana fili, shi ma yau zai gwada ƙafarsa.

Harun sikila ne. Duk faɗin Alƙahira, daga shi sai ita suka sani. Ranar da za su baro Gusau Inna ta riƙe hannunta a zaure ta ce, "Ciwon ɗan'uwanki ba na bakin mutane ba ne. In aka sani, wa zai ba shi 'yarsa?" Mardiya ta ce to. Haka ake yi a gida. A ce sanyin ƙashi ne, a ce zazzaɓi ne, a ce iska ce, har ranar da za a ce kwana ya ƙare. A layinsu kaɗai an binne yara da wannan shirun, kowa ya zo ya yi gaisuwa ya ci shinkafa ya tafi, ba a samu mai cewa a je a gwada jini ba.

Ta same shi a bakin filin matasa cikin 'yar riga mai gajeren hannu, yana tsalle-tsalle don ya ji ɗumi. Ta ja shi gefe.

"Ina rigar sanyinka?"

"Yaya, wa kika taɓa gani yana tsere da rigar sanyi?"

"Ka sha ruwa?"

Ya kau da kai. "Yau Litinin."

A lokacin sanyi rana gajeruwa ce, don haka ɗaliban addini irin su Harun ba sa barin azumin Litinin da Alhamis ya wuce su, wanda aka gani da kofi a hannu kuwa ya shiga uku da tsiya. Sanyi, gajiya da ƙishirwa, abubuwan da likita ya hana shi tun yana ƙarami, yau ya tara su wuri ɗaya.

"Ka karya azumin nan, ka koma ɗaki."

"In ce musu me?"

"Ka ce ba ka jin daɗi."

"Su ce me ke damuna, in ce me?" Ya rage murya. "Tun da na zo garin nan, in ana ƙwallo ni ke zaune ina tsaron takalma. Kin san sunana a ɗakinmu? Mai Gadi. Yau kaɗai, Yaya. Daga nan zuwa tasha ne a dawo."

Lawali, abokin ɗakinsa, ya ɗaga murya daga cikin layi. "Mai Gadi, yalla, taho mana. Ko an zo goya ka a mayar gida ne?"

Aka yi dariya. Harun ma ya yi, ya zame hannunsa daga nata ya shiga layi.

Ta nufi shugaban ƙungiya, Malam Badamasi, wanda ke tsaye cikin kwat mai kauri da usur a wuyansa. Ta gaishe shi.

"Malam, don Allah a ɗaga tseren nan. Dubi ƙasa, ga shi rabin yaran azumi suke."

"Ma'alish, yi haƙuri, Malama Mardiya. Samari ne, da sun fara gudu zufa za su yi."

"Akwai wanda bai kamata ya yi gudu a sanyin nan ba."

"Wane ne?"

Sunan ya zo har bakinta. Ta waiwaya, ta ga Harun ya zuba mata ido daga cikin layi.

"Ina nufin, ko da akwai."

"To ai babu. In sha Allah lafiya za a gama."

Ba kalmar In sha Allah ce ta ƙona mata rai ba. Yadda ake rufe magana da ita ne, mutum ya ƙi amfani da hankalin da Allah ya ba shi, sannan ya jingina lalacinsa ga Allah. Amma wannan karon ita ce ta ba shi hanya, ta kuma sani.

Aka busa usur, suka ɗiba.

Akwai wata 'yar Sudan, Bakhita, mai sayar da shayi a ƙofar filin. Mardiya ta roƙe ta ruwan ɗumi a gora, ta cusa gorar cikin hijabinta, ta bi titin da ƙafa. Iska na yankan fuska. Ba ta yi nisa ba na gaba suka fara dawowa, Misirawa biyu da wani dogon ɗan Sudan, bakinsu na fitar da tururi. Ta riƙa duba fuskoki. Wannan ba shi ba ne, wancan ma. Masu ƙiba suka wuce, masu ɗingishi suka wuce. Titi ya yi fayau.

Sai ta hango taro a gaban shagon mai wake.

Yana kwance a ƙasa mai jiƙe, ya naɗe kamar jariri, ya rungume gwiwoyinsa. Ya datse haƙora don kada a ji kukansa. Lawali na durƙushe yana jijjiga shi. Malam Badamasi ya iso a kan babur ɗin wani, ya sauka yana haki.

"Jiri ne," in ji shi. "A watsa masa ruwa, yanzu zai farfaɗo."

Haka aka saba. Duk wanda ya faɗi, a makaranta ko a kasuwa, ruwa ake sheƙa masa kafin a tambayi me ya kayar da shi. Mai shago ya miƙo bokitin ruwan da ya kwana a waje. Lawali ya karɓa. Wani daga baya ya ce, "A dai kula kada ya shiga bakinsa, azumi yake."

Mardiya ta ratsa maza ta tsaya tsakanin bokitin da ƙanenta.

"Kada ku zuba masa."

"Malama, matsa mana," in ji Lawali. "Ai haka ake yi."

"Ba suma ya yi ba."

"To mene ne?"

Harun ya buɗe ido. Ya girgiza mata kai a hankali, sau ɗaya. Lawali ya gaji da jira, ya zagaya ta gefenta yana ɗaga bokitin.

"Sikila ne," ta ce. Muryarta ta fita siririya, don haka ta maimaita yadda na baya za su ji. "Sikila ne, da shi aka haife shi. Ruwan sanyin nan zai iya ajalinsa."

Lawali ya ajiye bokitin. Ya dubi Harun, ya dubi ƙasa. Wasu suka ja da baya kaɗan, kamar abin ana ɗauka.

"Na tambaye ki ɗazu," in ji Malam Badamasi.

"Ka tambaye ni, Malam. Ba ni kwat ɗinka."

Ya cire ba musu. Suka naɗe Harun a ciki. Ta fito da gorar ta kai bakinsa, ya ƙara datse haƙora.

Malam Badamasi ya durƙusa a cikin ruwan. "Harun, nafila ce, kuma ba ka da lafiya. Sha. In da alhaki, a wuyana."

Ya sha kaɗan, ya tsaya, ya ƙara.

Aka tare tasi. Lawali ya ciccibe shi ya sa a baya, ya shiga gaba ba tare da an ce masa ya shiga ba. Motar ta ɗauki hanya, Harun na nishi duk lokacin da taya ta faɗa rami.

"Kin gama da ni, Yaya," ya ce da ƙyar. "Kafin magariba magana ta kai Gusau."

"Ni zan kira Inna da kaina. In za ta yi fushi, ta yi da ni."

"Ni kuma fa? Ni zan zauna da 'yan ɗakinmu."

Ya juya fuskarsa ga tagar mota.

Direban ya leƙo ta madubi ya tambaya da Larabci wane asibiti, kuma me ke damun yaron. Mardiya ta ce mafi kusa, ta faɗa masa sunan ciwon, ta ce ya rufe gilashinsa iska na shigowa.