Waken da Ya Rufe Ɓarna

Mijina ba ya iya ganin gona a kwance ya ƙyale ta. Wannan halin nasa ne ya ja mana, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Masararmu ta yi goyo ke nan kogi ya cika ya haura. Ruwa ya kwanta a kanta har ta ruɓe a tsaye, abincinmu na shekara ɗungurungum. Ana cikin jaje sai rediyo ya ce gwamnati za ta biya manoma diyya, kowa ya ba da sunansa, ma'aikaci zai zo ya duba ɓarna. Muka bayar. Daga nan shiru kamar an shuka dusa.

Maigida ya ce shi kam ba zai zauna yana kallon laima tana tafiya a banza ba. Ya tuge ruɓaɓɓen kara, ya bari ya sha iska ya ƙone shi, ya yi sabuwar huɗa, ya shuka wake. Ni ma da hannuna na taya shi, har ina yi masa kirari. Maƙwabcinmu na gona kuwa, wanda duk gari ke kira Sai-Gobe, ko leƙa tasa bai yi ba. Yana bakin shagon tela yana gyangyaɗi.

Ranar da ma'aikacin ya zo a kan babur, da takalmin roba sabo fil, wakenmu ya rufe ƙasa, kore shar. Ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sai ya sauke, ya tambaya ina ɓarnar take. Maigida ya nuna masa toka, ya nuna masa shatin laka a jikin bishiya, daidai ƙirjin mutum. Ma'aikacin ya ce duk ya yarda, amma ofis hoto yake gani, ba ya jin labari.

"Baba, ai wannan gonar lafiyarta ƙalau. Da ka bar ta yadda take."

Ya tsallaka zuwa gonar Sai-Gobe, ya toshe hanci, ya yi ta ɗaukar hoto har wayarsa ta yi zafi.

Ni na ce ba za ta saɓu ba, na ja Maigida zuwa ofishinsu. Muka wuni a kan benci mai ƙafa uku da bulo, fanka tana ƙara ba iska. Wannan taga ta tura mu waccan, waccan ta ce oga ya fita. Da ƙyar muka ga akawu, shi kuma ya ce mu kawo shaidar cewa masara ce ta lalace. Na tambaye shi ko in kwaso masa tokar a kwano. Maigida ya taka mini ƙafa. Akawun ko ɗago kai bai yi ba, ya ce an rufe maganar diyya, mu gode Allah muna da wake. Waken da ko fure bai yi ba, shi za mu dafa wa yara? Wallahi na ji kamar in kifar da teburin.

Sai-Gobe ya karɓi nasa, muna kallo aka sauke masa buhunan hatsi a ƙofar gida. Ni kuwa na kai ga kakkaɓe gindin rumbu da tsintsiya.

Ran nan da yamma sai ga Sai-Gobe ya yi sallama, yana sosa ƙeya. Wai yana neman wanda zai share masa gonar nan tasa, kuma duk gari ba mai tsabtar aiki kamar Maigida. Zai biya da hatsi. Mutumin da tun da na aure shi bai taɓa yin ƙodago a gonar kowa ba! Na buɗe baki zan wanke Sai-Gobe tas, sai na ga Maigida ba shi yake kallo ba, murhuna yake kallo, wanda tun safe ban hura ba.

"To," ya ce. "Da sassafe zan zo."